Galabat: ƙudan zuma, gonakin riɗi da abin da tauraron ɗan'adam ke iya gani

Tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, jihar Gadarif ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyanta. Ita ce rumbun dawar ƙasar, a nan kuma babbar kasuwar riɗi take, sannan bayan da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a watan Disamban 2023 sai ta zama mafakar ɗaruruwan dubban mutanen da suka tsere daga Jazira, daga baya kuma daga Sinnar. A kudu maso gabashin jihar, garin Galabat da ke fuskantar Matamma ta Habasha ya zama ƙofar fita ga dubban masu gudu, har zuwa watan Satumban 2024 lokacin da hukumomin Sudan suka rufe mashigar na wani lokaci saboda faɗan mayaƙan Fano da sojojin Habasha a tsallaken iyaka.

A irin wannan hali, duk wanda ya kawo maganar ƙudan zuma zai sha kallon wanda bai san abin da duniya ke ciki ba. Amma maganar ta shafi kuɗi da abinci kai tsaye. Riɗi na cikin 'yan kayayyakin da suka rage wa Sudan tana sayarwa a waje ta samu kuɗin musaya, kuma yawan buhunan da gona za ta bayar yana da alaƙa da ƙwarin da ke sauka a kan furensa da safe.

Dawa ba ruwanta da ƙwaro, iska da furenta sun wadatar da ita. Riɗi kuwa yana tsaka-tsaki. Furensa yana iya barbarar kansa, shi ya sa manomi ke samun amfani ko da bai ga ƙuda ko ɗaya ba, shi ya sa kuma asarar ba ta fitowa fili. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya rufe wasu furanni don kada ƙwari su kai gare su, ya bar wasu a buɗe. Inda aka hana ƙwari zuwa, amfanin riɗi ya yi ƙasa da kashi 59 cikin ɗari a matsakaici, na auduga kuma da kashi 37. Irin da aka samu daga furannin da suka barbari kansu ma bai tsira da kyau ba da aka shuka shi. Ƙasar Burkina daban take da baƙar lakar Gadarif, irin riɗin ma ba ɗaya ba ne, don haka ba za a ɗauko waɗannan alkaluma a ɗora wa Galabat yadda suke ba. Abin da za a ɗauka shi ne cewa gona na iya rasa wani babban kaso na amfaninta ba tare da fara ko fari ba, manomi kuma ya ɗora laifin a kan ruwa ko taki.

Furen-rana da ake nomawa a jihar don matse mai ya fi riɗi buƙatar ƙudan zuma. Kankana da kabewa sun fi kowa, domin furensu namiji daban yake da macen, idan babu mai ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan to babu ɗa. Waɗannan na cikin abubuwan da ƙananan manoma ke shukawa a lambunan bakin kogin Atbara da Rahad, inda ƙauyukan Hausawa suke da yawa.

Daga kasuwar kaki zuwa gonar da ba bishiya

Galabat ba baƙon wuri ba ne ga mutanen yamma. Mahajjata da suka fito daga Darfur da ƙasashen da ke bayanta, waɗanda ake kira Takarir, su ne suka riƙe garin tun kafin zamanin Mahadi, da shehunansu da kasuwarsu. Baturen Ingila Samuel Baker da ya ratsa ta nan a 1862 ya tarar da kasuwa mai ci tsakanin Sudan da Habasha, kuma kakin zuma na cikin hajojin da ya ambata tare da auduga da gahawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu ayarin Fulani da Hausawa suka biyo hanyar gabas, aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuriyarsu da waɗanda suka biyo baya suka bazu har Gadarif. A wancan zamani yankin daji ne na dushe da dakwara da aduwa da kurna, ƙudan zuma kuma na cikin kogon bishiya ba tare da kowa ya kiwata shi ba.

Abin da ya sauya fuskar ƙasar shi ne noman tarakta. Turawan mulkin mallaka suka fara shi a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 don ciyar da sojoji, a 1968 kuma aka kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya. Aka riƙa yanka gonaki masu fadan 1,000 ko 1,500 ana bai wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, wasu kuma suka sare daji ba tare da izinin kowa ba. Tarakta ba ta son kututture, don haka ake tumɓuke komai. Gawayi da itacen girki suka ci abin da ya rage, kuma zuwan 'yan gudun hijira, daga sansanin Um Rakuba kusa da Doka da aka sake buɗewa a Nuwamban 2020 har zuwa na yaƙin yanzu, ya ƙara yawan murhun da ke neman itace.

Ga ƙudan zuma lissafin a fili yake. Riɗi yana fure ne makonni kaɗan a watannin Agusta da Satumba, furen kuma da asuba yake buɗewa ya zube kafin dare. Sauran watannin shekara fa? Kurna tana fure a ƙarshen damina, dushe da aduwa su ɗauka a rani. Su ne ke riƙe da ƙudan har damina ta dawo, su ne kuma gidansa. Ƙudan zuma ya fi yin kiwo a cikin kilomita biyu zuwa uku daga gidansa, ƙananan danginsa da ke zaman kaɗaici a ramin ƙasa ko a busasshen kara kuwa da yawansu ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mita. A gonar da mutum zai tsaya ya duba gabas da yamma bai hango inuwa ba, tsakiyarta ta yi wa waɗannan ƙwari nisa.

Amya mai magana da waya

A Turai da Amurka, idan aka ce fasahar kare ƙudan zuma, abin da ake nufi galibi shi ne amyar katako da aka ɗora a kan sikeli, aka sanya mata na'urar auna zafi da danshi da ƙaramar makirfo, tana aika bayani zuwa wayar mai ita. Dabarar tana da ma'ana. Ƙudan zuma yana riƙe zafin wurin renon 'ya'yansa a wajen digiri 35, idan zafin ya fara tangal-tangal to akwai matsala. Nauyin amya yana hawa idan furanni sun buɗe, yana sauka idan yunwa ta shigo. Ƙarar da ke ciki tana sauyawa idan sarauniya ta mutu ko taron na shirin ƙaura. Idan kuma masu fita kiwo suka fita da safe ba su dawo ba, sikelin zai nuna, kuma sau da yawa wannan alama ce ta feshin guba a kusa.

An gwada irin wannan a maƙwabta. Daga 2018 zuwa 2020 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna SAMS a Habasha da Indonesiya, tare da cibiyar binciken ƙudan zuma ta Holeta, inda aka haɗa na'urori masu arha da ke aika nauyi da zafin amya ta intanet. Habasha ita ce kan gaba wajen samar da zuma a Afirka, don haka wurin ya dace da gwajin.

Galabat kuwa wani abu ne daban. Yawancin ƙudan zuman da ke aiki a gonakin yankin ba ya cikin akwatin kowa. Yana cikin kogon bishiya, ko cikin amyar gargajiya ta itace ko ta saƙar ciyawa da aka rataya a reshe, wadda ba ta hawa sikeli. Ƙudan Afirka kuma ba ya zama ya mutu a inda abinci ya ƙare, tashi yake ya bar gidan ya nemi wani wuri. Na'urar da ke cikin amya za ta sanar da cewa ya tafi, ba za ta faɗi inda ya nufa ba. Sannan akwai nau'in ƙudan zuma da danginsa kusan 20,000 a duniya, mafi yawansu ba sa yin zuma ba sa zama cikin taro, amma suna barbara. Binciken Burkina ya nuna na daji suna cikin masu aikin riɗi da auduga. Duk shirin da ya tsaya kan amyar zamani kaɗai ya kula da tsirarun masu kiwo ne, ya bar manomin riɗi a inda yake. Ga tsadar batir da layin waya, ga kuma abin da kowa ya gani a watan Fabrairun 2024, lokacin da hanyoyin sadarwa suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ita. Amyoyi goma ko ashirin masu sikeli a hannun jami'a, a rarraba su daga arewacin jihar mai ƙarancin ruwa zuwa kudu mai dausayi, za su iya nuna watannin da yunwa ta fi kama ƙudan. Wannan aikin bincike ne, ba hajar da za a tallata wa talaka ba.

Dokar kashi goma

Fasahar da ta fi kusa da ainihin ciwon tana sama, kuma kyauta ce. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, an kuma buɗe taskar hotunan ga kowa a 2008. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo a hotonsa kuma mita goma ne a ƙasa. Tauraro ba ya ganin ƙuda, amma yana ganin bishiya, kuma a Gadarif maganar bishiya ita ce maganar ƙuda. Masanin Jami'ar Gadarif Hussein Sulieman ya yi shekaru yana amfani da hotunan Landsat wajen nuna yadda gonakin injina suka cinye dajin kudancin jihar da burtalolin makiyaya. Ke nan ba sai an jira ƙwararre daga waje ba.

Abin da ya sa wannan ke da nauyi shi ne akwai doka a ƙasa. Dokokin gandun daji na Sudan sun wajabta wa gonakin damina na injina su bar kashi 10 cikin ɗari na filinsu ga bishiyoyi, gonakin ban-ruwa kuma kashi 5. An daɗe ana kukan cewa ba a bin ta. A da jami'in daji yana da uzuri: damina na sauka baƙar laka ta riƙe mota, gonakin kuma ba iyaka. Yanzu mutum ɗaya da kwamfuta a Gadarif zai iya ɗora taswirar gonakin da aka ba da haya a kan hoton tauraro ya fitar da sunan wanda ya bar kashi goman da wanda bai bari ba. Abin da ya rage siyasa ce, domin masu manyan gonaki ba ƙananan mutane ba ne a jihar. Hanyar da ta fi sauƙi ba ta tara ba ce. Yawancin manyan manoma suna dogara da bashin Bankin Noma na Sudan a kowace damina, kuma suna sabunta takardar hayar fili. Idan hoton tauraro ya shiga cikin takardun da ake dubawa kafin a sa hannu, bishiya ta samu mai tsaya mata.

Masu karatu a Nijar sun san wani labari makamancin wannan ta ɗaya fuskar. A jihohin Maradi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture ya girma a gona, abin da ake kira sassaben zamani. Ba wanda ya san girman aikin sai da aka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, aka ga ya kai kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200. Gawo, wanda ya fi yawa a ciki, yana fure ne bayan damina lokacin da sauran tsirrai suka bushe. A 2020 kuma wasu masana suka haɗa hotuna masu kaifi da kwamfuta mai koyon gane siffofi, suka ƙirga bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya har biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. Manoman Maradi ba tauraro ne ya sa su aikin ba, samun ikon mallakar bishiyar da ke gonarsu ne. Tauraro shaida kawai ya bayar.

Sai dai manomin Gadarif da ke ƙin bishiya yana da hujjojinsa, kuma ba na wasa ba ne. A kan bishiya jan-baki ke kwana kafin ya afka wa dawa. A kan bishiya ƙwaron da ake kira andat ke taruwa da rani kafin ya sauko ya tsotse dawa da riɗi. Mafi muni, ɗan ƙaramin ƙudan da ke yaɗa cutar kala'azar, wadda ta daɗe tana kashe mutane a ƙauyukan Atbara da Rahad, yana da alaƙa da dajin dushe da aduwa da tsagewar baƙar laka. Wanda ya binne ɗansa saboda wannan cuta ba za a ce masa ya kewaye gidansa da dushe don ƙudan zuma ba. Shi ya sa tambayar ba ta yawan bishiya kaɗai ba ce, har da wace iri da kuma ina. Layukan dakwara a tsakiyar manyan gonaki, nesa da gidaje, suna ba da ƙaro da ake sayarwa, suna rage zaizayar ƙasa, suna ciyar da ƙwari. Taswirar da ta haɗa gonaki da ƙauyuka da wuraren da cutar ta fi yawa ita ce za ta raba wannan gardama.

Feshi: wa ya sani, kuma yaushe?

Idan rashin bishiya yunwa ce mai kisa a hankali, feshi kisan rana ɗaya ne. Hukumar kare tsirrai ta Sudan tana yaƙi da fara da jan-baki da andat, wani lokaci da jirgin sama, kuma maganin andat ana fesa shi ne a kan bishiyoyin da ya taru, wato inda ƙudan zuma ke zaune. Manoma kuma suna fesa wa riɗi maganin tsutsa, sau da yawa yana cikin fure.

Annobar farin dango ta 2019 zuwa 2021 ta nuna abin da fasaha ke iyawa da abin da take mantawa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi amfani da tsarin eLocust3 a lokacin, inda ma'aikaci a tsakiyar hamada ke shigar da abin da ya gani a na'ura, bayanin ya bi ta tauraron ɗan'adam ya isa ofis nan take. An bi sawun fara da kyau ƙwarai. Amyoyi kuwa ba su cikin taswirar. Wani nazari da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa zumar da Habasha ke samarwa ta faɗi da kusan kashi 78 cikin ɗari a waɗannan shekaru, ya kuma danganta hakan da feshin magungunan da ba sa bambanta fara da sauran ƙwari. Somaliya ta bi wata hanya, ta dogara da wani nau'in fumfuna mai suna Metarhizium acridum wanda ke kama fara da danginta ya ƙyale ƙudan zuma, tare da maganin da ke hana 'ya'yan fara girma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne asalin nau'in da aka yi maganin Green Muscle da shi a jikin wata fara aka samo shi a Nijar, a ƙarƙashin shirin LUBILOSA da ya fara a 1989. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, shi ya sa jami'in da ke son ganin gawar fara a ranar da ya yi feshi ba ya son sa.

A Ostireliya akwai manhajar BeeConnected, a Amurka akwai BeeCheck. Mai amya yana sanya wurin da amyarsa take, mai feshi yana sanar da ranar da zai fita, kowa ya san da kowa. Idan aka cire adon, abin da ya rage saƙo ne na kwana ɗaya ko biyu kafin feshi. Wannan ba ya buƙatar babbar waya. Saƙon murya da Larabci da Hausa da Amharanci, ko sanarwa a gidan rediyon jiha da lasifikar masallaci da ranar kasuwa, ya isa mai amya ya toshe bakinta ko ya sauke ta ya matsar. Ƙudan daji ba mai matsar da shi, don haka abin da zai cece shi shi ne lokacin feshin: da yamma bayan furen riɗi ya zube da ƙwari sun koma, ba da hantsi ba lokacin da gona ke ruri.

Jirage marasa matuƙi, waɗanda ake tallatawa a wasu ƙasashe don feshi daidai wurin da ake so, ba maganar yau ba ce a nan. Tun da irinsu suka kai hari birnin Gadarif a watan Afrilun 2024, duk abin da ya tashi sama abin harbi ne, mai riƙe da shi kuma abin tuhuma.

Akwai kuma ɓangaren kasuwa. Masu sayen riɗi a Asiya da Turai suna gwada ragowar magani a jikin kaya. Najeriya ta ɗanɗana wannan a 2015 da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenta saboda maganin dichlorvos. 'Yan kasuwar riɗi a Maigatari da Maradi da Gadarif duk ƙofa ɗaya suke bi.

Ƙirga da kwano

Rahoton da kwamitin masana na duniya IPBES ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin ɗari na nau'o'in amfanin gona suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, ya kuma ƙiyasta darajar wannan aiki tsakanin dala biliyan 235 zuwa 577 a shekara. Amma rahoton ya amsa cewa bayanan da ke nuna raguwar ƙwarin daji daga arewa maso yammacin Turai da Arewacin Amurka suka fi fitowa, na Afirka ba su isa a yanke hukunci ba. Ba a sanin abu ya ragu sai an san yawansa a da.

Binciken da ya fi tayar da hankalin duniya kan ƙwari bai fito daga wata na'ura mai tsada ba. Wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari a garin Krefeld na Jamus ce ta yi shekara 27 tana kafa tarkon yadi mai kama da tanti, tana auna nauyin abin da ya faɗa ciki. Da aka wallafa sakamakon a 2017 sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari, a cikin wuraren da ake karewa ma. Sirrin shi ne tarko iri ɗaya, hanya iri ɗaya, shekara bayan shekara.

Irin wannan yana yiwuwa a Doka ko Basunda ko Galabat. Hanyar da masana suka amince da ita kwanonin roba ne masu launin rawaya da shuɗi da fari, a zuba ruwa da ɗan sabulu, a ajiye a gefen gona yini guda, a tace abin da ya faɗa, a ɗauki hoto, a adana a kwalba. Ɗalibin sakandare zai iya. Waya tana shigowa ne wajen sanya rana da wuri da ajiye hoton har a samu layi. Manhajojin gane ƙwaro daga hoto irin su iNaturalist suna taimakawa, ko da yake sun fi ƙwarewa a kan ƙwarin ƙasashen da aka fi ɗora hotunansu, don haka dole a samu masani ya duba.

Ita kanta zuma takarda ce da ƙudan ya rubuta. Garin furen da ke cikinta yana nuna bishiyoyin da ya ziyarta, ragowar magani kuma yana nuna abin da ya sha. A 2017 masana a Neuchâtel ta Suwizalan suka gwada zuma 198 da matafiya suka kawo musu daga sassan duniya, suka samu maganin ƙwari na dangin neonicotinoid a kashi 75 cikin ɗari. Cokali biyu daga kowane mai sayar da zuma a kasuwar Galabat, sau biyu a shekara, da sunan dajin da aka ɗebo ta, zai ba da labarin yankin da babu jami'in da zai iya zagaye shi da ƙafa.

Inda za a ajiye bayanan shi ne darasin da yaƙi ya koyar. Hedikwatar hukumar binciken noma ta Sudan tana Wad Madani, kuma an wawashe taskar irinta bayan faɗuwar garin, kafin sojoji su karɓe shi a Janairun 2025. Irin da aka taɓa aika kwafinsa zuwa taskar Svalbard a Norwe shi ne bai shiga haɗari ba. Duk ƙirgar da za a fara yanzu tana buƙatar kwafi a Gadarif, kwafi a wajen ƙasa, da kwafi a hannun ƙauyen da ya yi aikin, da harshen da yake karantawa. Hausawan Sudan sun sha fama da masu tambayar asalinsu da haƙƙinsu a kan ƙasa, don haka taswirar da ke nuna lambun wane da bishiyar wane ba ƙaramin abu ba ce a wurinsu. Tana iya zama hujjar mallaka, tana kuma iya zama jagora ga mai neman ƙwace, gwargwadon wanda ke riƙe da ita.

Ƙwaro kuma bai san mashigar Galabat ba. A 1985 aka fara ganin wani ɗan ƙaramin ƙudan zuma na Asiya, Apis florea, a Khartum. Yana gina saƙa ɗaya tak a fili a jikin reshe. Ya bi kogin Nilu ya bazu, daga baya aka same shi a arewa maso yammacin Habasha. Yana barbara, yana kuma cin abinci ɗaya da ƙudan gida. Gonakin riɗin Matamma da Humera suna kallon na Gadarif, feshin da aka yi a wannan gefe iska na kai shi wancan. A kudu, gandun dajin Dindir da aka kafa a 1935, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000, yana manne da gandun Alatish na Habasha, kuma su biyun ne babban dajin da ya rage wa ƙudan daji a yankin. Masu ɗiban zuma da wuta suna cikin masu haddasa gobara a Dindir. A Alatish ne kyamarorin da ake ɗaurewa a bishiya suka tabbatar da akwai zakuna, aka sanar a 2016, bayan an daɗe ba wanda ya iya ba da shaida.

Rikicin filin Fashaga da ya sake tashi a ƙarshen 2020 ya sa haɗin kai tsakanin Khartum da Addis Ababa kan iyaka ya yi wuya. Amma ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar yaƙi da farin dango ta gabashin Afirka, DLCO-EA, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Addis Ababa, da jiragenta na feshi. A nan ne ake tsara inda za a fesa da irin maganin da za a ɗora wa jirgi, don haka a nan ne taswirar amyoyi da dazuzzukan da ke fure ta fi buƙatar shiga, kafin riɗin damina mai zuwa ya buɗe a watan Agusta.